Ranar da aka ji muryata a wasan fatake

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na so ƙasa ta tsage in shige ba, a tsakar gidana kuma, da ƙwaryar fura a hannu.

Ɗana na fari (ba zan rubuta sunansa ba, kun san mu) ya gama karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, shi da abokansa biyu, Sanusi da Lawali, suka ƙera wani wasa na waya. Kai ne bafatake. A ba ka jaki da buhun wake a bakin tafkin Madarunfa, ka kama hanya kana neman kasuwanni, ka sayar nan, ka sara can. Taswirar duk baƙa ce, sai inda ƙafarka ta taka take haske. Ba su gama shi ba suka sake shi, wai mutane su taɓa su faɗa masu inda ke da gyara.

Ni dai a fili ban san da wasan ba. Uwa ba ta yabon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta zama tana tambayarsa aiki. Ko ya zo yana ba ubansa labari, sai in sa kai ga tsintar shinkafa. Amma ranar da ya sa wasan a wayata don ya gwada ko ƙaramar waya na ɗauka, ya manta bai cire ba. Ni ma na manta ban tuna masa ba.

Jama'a, wasan nan azaba ne. Daga garin Gabi zuwa kasuwa ta gaba babu rijiya ko ɗaya. Jakina ya mutu da ƙishirwa. Na sake, ya mutu. Na rage kaya, na ɗauki ruwa, sai na isa kasuwa ba abin sayarwa. Na ƙona miya saboda jakin nan (na ce wa Malam, maigidana, itacen ne ɗanye).

Wata rana ya faɗi ana hango rumfunan kasuwa. Raina ya ɓaci. A ƙasa na ga an rubuta: “Faɗi ra'ayinka da murya. Ba za a ga sunanka ba.” Da kaina na karanta, harafi bayan harafi, ina jin daɗin karatun manyan da na yi. Na ce to, tunda ba suna, ai ba kowa. Na danna, na zazzage abin da ke cikina.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zo gida su uku, suka shimfiɗa tabarma, suka haɗa waya da lasifika don su saurari ra'ayoyin mutane. Malam na kan kujerarsa. Yayarsa, Gwaggo Hadiza, ta zo daga Ɗan Issa, ita da ba abin da ke wuce kunnenta. Ni kuma ina dama masu fura.

Wani daga Damagaram ya ce wasan ya yi daidai, kada a taɓa, wanda ba ya iyawa ya koma dara. Wani daga Katsina ya ce ya goge shi, shi bai zo duniya don jaki ya wahalshe shi ba. Sanusi na goyon na farko, Lawali na goyon na biyu, har suna ɗaga murya. Ɗana ya rafka tagumi, ya ce, “Wanga wasa ko a gidanmu ba mai taɓa shi. Sa na gaba.”

Sai na ji sallama. Sallamata.

“Salamu alaikum masu wasa, ina wuninku, ina gajiya, ya iyali.” (Har iyali na gaishe da na'ura.) “Ni wata ce daga nesa.” Daidai nan zakaranmu ya yi cara a cikin lasifika, na gaske kuma ya amsa masa daga bayan rumbu. Muryar ta ci gaba: “Wasan ya yi kyau, wallahi wanda ya yi shi yana da kai. Amma ku ji tsoron Allah, dabba ce fa. Wa ke tafiya daga Gabi ba rijiya?” Sai kuma ta ɗaga, ta kira sunan ɗan nawa. Cikakke, yadda liman ya raɗa shi. “Haka na rene ka, ka bar jaki da ƙishirwa?”

Ludayi ya tsaya a hannuna. Sanusi ya cusa fuska cikin hula. Malam ya kama tari wanda ba na mura ba.

Gwaggo Hadiza ta tafa hannu. “La ilaha! Rabi, ashe kin san sunan nashi? Mu muna nan muna cewa an manta ba a gaya maki ba ranar suna!”

Na ce, “Gwaggo, muryoyi na kama.”

“Zakaru ma na kama, ƙanwata.”

Malam ya ce, “To, yanzu na gane itacen da ke ɗanye.”

Na kai ƙofar ɗaki da ƙwaryar a hannu, ban ba kowa ba. Daga bayan labule na leƙa. Yaron bai yi dariya ba. Kansa na ƙasa, yana murza ido da bayan hannu. Can ya gyara murya, bai dubi ɗakina ba, ya ce wa abokansa, “Wagga baiwar Allah ta nesa ta yi gaskiya. A sa rijiya bayan Gabi. Mai son wahala ya wuce ta bai sha ba.”

Sun sa. Jakina ya isa kasuwa, har na gano wani gari bayan dutse da ake sayen wake da daraja. Gwaggo kuwa ta kai labarin Ɗan Issa kafin motarta ta huce, yanzu ko a wurin biki mata na tambayata lafiyar jaki.

Ni da yaron ba mu taɓa tada zancen ba. Sai dai in ya zo gida ya ɗauki wayata, ya ce wai yana duba batir, ya sa mini sabon gyaran, ya ajiye.

Abin da na koya: in an ce ba za a ga sunanka ba, ba a ce ba za a ji ka ba. Duk uwar da ke son ɓoye wa ɗanta, kada ta yi da muryar da ta saba kiransa cin tuwo. Yanzu ra'ayina da rubutu nake aikawa, ko zai ɗauke ni wuni guda.