Ranar da Na Share Takardun Raguna

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da wata Talata ana saura kwana biyar Babbar Sallah ba. Lokacin ina aiki a ofishin wani Alhaji a bakin iyakar Jibiya, mu ne masu shirya wa manyan motoci takardun shigo da kaya daga Maraɗi. Ni ne mai kwamfuta. Wata uku kacal na yi ina koyonta a Katsina, amma yadda nake ɗaga kafaɗa sai ka rantse ni na ƙera ta.

Ba na taɓa linzamin kwamfuta, a ganina aikin 'yan koyo ne. Sai dai in buɗe baƙin allon nan da ake kira shel, in yi ta buga umarni ƙwas-ƙwas, direbobi na leƙe ta taga. Har sunan foldar da nake ciki na cire daga gefen allon, wai don ya fi kama da na ƙwararru (Allah Ya shirye ni).

Ran nan motoci uku na raguna ne tsaye a rana, na gama cike takardunsu tun safe, saura bugawa. Sai ga Malama Hadiza, mai kula da kwamfutocin ofishin Alhaji na Maraɗi, wadda ita ta haɗa tamu tun farko. Na ce yau sai ta san Jibiya ma da mutane. Na gaya mata na ƙirƙiro wani ɗan fayil mai suna shara, da na kira shi sai ya kai ni foldar tsofaffin takardu in share su. Layi ɗaya ne a cikinsa, umarnin cd, wanda ke sauya wa mutum folda. Ban taɓa gwada shi ba, amma wannan ban faɗa ba.

Na kira shara. Allo bai yi ƙorafi ba. Sai na buga umarnin share duk abin da ke wurin, na danna da ɗan yatsa ɗaya, har da juyowa in yi mata murmushi. Alhaji ya ce to madalla, a bugo takardun raguna.

Na duba foldar aiki. Wayam. Na sake dubawa, ko ɗigo babu. Takardun raguna, na motocin gero, na watanni takwas, duk sun tafi. Bakina kuwa, ba tare da ya shawarce ni ba, ya ce bairos ne, cutar kwamfuta.

Malama Hadiza ba ta yi musu ba. Ta jawo kujera, ta buga kalma ɗaya: history. Ashe shel na riƙe da duk abin da mutum ya rubuta, layi bayan layi. Ga shara, ga umarnin sharewa a ƙasansa. Sama da su kuma ga wurin da na yi ta lalube sau goma sha wani abu ina neman yadda ake canza sunan fayil. Alhaji ba ya jin Turanci, amma ya iya karanta fuska.

Ta yi mini bayani a hankali, abin da ya fi zagi ciwo. Ta ce yawancin umarni shirye-shirye ne daban da shel ke kira, amma cd a jikin shel ɗin yake, don haka wanda ya aiwatar da shi ne kaɗai ke motsawa. Fayil ɗina kuwa sabon shel ya buɗe, shi ya tafi foldar, ya gama ya rufe.

"Aike ka yi, Malam," in ji ta. "Ɗan aike ya tahi ɗakin shara, kai kana nan zaune cikin zaure, kas sa tsintsiya."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Tashi ka gaya ma direbobi da bakinka."

Haka na fita. Direba na farko ya tambaye ni ko injin ne ya lalace, na ce a'a, ni ne. Kafin in sake cike takardun an tashi daga aiki, raguna suka kwana a iyaka, ni da jarka muka yi ta safarar ruwa muna ba su. Alhaji bai kore ni ba, amma ya sa kowace Juma'a ake tura wa Malama Hadiza kwafin komai.

Yanzu kafin in share ko da harafi ɗaya, sai na buga pwd, umarnin da ke gaya wa mutum inda yake. Haruffa uku ne, ba ya burge kowa. Da na san shi a ranar, da ban koyi yawan ruwan da rago ke sha ba.