Keken Babana a Tarin Ƙarfe

Shekarar da salula ta shigo Zuru ina gadi a makarantar kurame. Malama ta ce za a nemo mai koya wa yara ware shara.

Na ce, "Shara ma sai mai digiri? Bar min."

Ban iya maganar hannu ba. Na ɗaga gwangwani, na nuna tsatsa, na nuna tarin ƙarfe. Suka gane sarai. Na bar kekena a wurin, na tafi cin tuwo ina hura hanci.

Keken da babana soja ya bar min tsatsa ce zalla. Kafin in dawo sun ɗora shi kan tarin, mai jari-bola ya kwashe.

Malama ta ce, "Baba, ashe ka iya koyarwa."

Yaran sun girma. Har yau in mun haɗu, sai su nuna ni, su nuna tarin ƙarfe.