Ta'aziyyar Baba Idi Mai Gurasa

Duk shekarun da na yi nesa da Makka, gurasar Baba Idi ta unguwar Zahir nake kewa. Ina dawowa, can na fara nufa. Na tarar da ɗansa a bakin tanderu, kujerar tsohon kuma babu kowa.

Ban tsaya tambaya ba. Na yi ta'aziyya, na ja Fatiha, mutanen layi suka shafa. Ɗan ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Sannan na ɗanɗana gurasar, na ce daɗinta ya bi marigayi.

Sai ga Baba Idi ya fito, hannu duk ƙullu.

"Ni na kwaɓa ta, ɗana."

Har yau in ya hango ni sai ya ce, "Ku ba shi hanya, shi ya binne ni."