Rasuwar Shuɗiya, Motar Baba Dogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da har yau bai bushe ba, ni Tahira, 'yar Malam Habibullah wanda aka fi sani da Dogo Direba, na ƙauyen Kanyar Tudu a ƙasar Makoda, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da tsofaffin direbobi, da duk wanda ya taɓa ɗora buhu a bayanta, rasuwar motarmu Shuɗiya, Fijo 404 a-kori-kura. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a ɗakinta da ke bayan gidanmu, a kwana na uku na marka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. A yi mini afuwa idan sanarwar ba ta zo yadda manya ke rubutawa ba. Baba ne ya ce in rubuta. Ya ce wadda ta yi wa gari hidima irin tata ba a fitar da ita shiru kamar shara.

Marigayiya ta rasu tana da shekara kusan hamsin. Ta girme ni, ta girmi yayyena duka, ta riga mahaifiyata Inna Tani shigowa gidan nan, domin ita ce ma ta ɗauko wa Inna gadonta da kwanukanta. Ta ɗauki gyaɗa da gero da wake zuwa Makoda da Dambatta da Kano. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta dawo da su da jarirai. Ba ta taɓa ƙin kaya ba, ko da an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, sai dai ta yi nishi a kan tudu ta hau. Sau biyu kacal ta taɓa barin Baba a daji, kuma Baba ya ce duka biyun shi ne da laifi.

Duk wanda ya san ta ya san muryarta. Da safe takan ce kirr, kirr, kirr, ta yi tari biyu, tuf, tuf, sannan ta kama, gudu-gudu-gudu, a hankali kamar dattijuwa tana jan carbi. Idan ta kawo bakin gari sai ta ce fiim-faam, mata su san Dogo ya dawo, a ɗora tukunya.

Jinyarta ta farko ta soma ne shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin da idon Baba ya dushe. Da ya ga ba ya bambance rami da inuwa, sai ya faɗaɗa ƙofar tsohon soron da kakanmu ke ajiye gyaɗa, ya shigar da ita, ya ɗora ta a kan duwatsu, ya rufe. Shekara takwas tana kwance. Kaji suka yi ƙwai a kujerarta, ɓeraye suka cinye wayoyinta, tsatsa ta huda ƙasanta har kana hango ƙasa ta wurin da ake ajiye ƙafa.

Wata rana Baba ya je Makoda a bayan babur. Mai babur ɗin, don tsoron kada Baba ya faɗi, ya ɗaure shi a ƙugunsa da rawani. Da ya dawo bai ci abinci ba. Na kai masa ruwan alwala, sai ya ce, “Tahira, yau an kai ni Makoda kamar buhun dawa. Ina so kafin in mutu in shiga garin nan sau ɗaya a cikin motata, in sauka ta ƙofar gaba.” Na ce, “To, Baba.” Iyakar abin da na ce ke nan, amma shi da ni duka mun san alkawari ne.

Shekara huɗu muka yi a kanta. Shi ne kunne da hannu, ni ce ido. Yakan shafa ƙarfe ya faɗi sunansa, ni kuma in karanta masa lambar sufana in miƙa. Daga baya ya daina karɓa, sai ya ce, “Ke kwance, ina ji.” Idan na ɗaure noti ya wuce kima yakan gane daga ƙarar, ya ce, “Sassauta, ba akuya kike ɗaurewa ba.” Mun sauke injin, mun wanke shi gunduwa-gunduwa a tsohuwar tasar Inna. Kabureta kaɗai sau bakwai na kwance na mayar. Baba Ja'afaru mai walda, aminin Baba tun suna samari, shi ke kawo mana kaya daga Ƙofar Ruwa idan ya shiga Kano, shi ne kuma ya liƙe mata ƙasanta. Inna ta ɗinka wa kujera riga da atamfa, tana yi tana mita wai mun mayar mata da gida gareji, tuwo ma warin baƙin mai yake.

Ba mu tsaya a mayar da ita yadda take ba, mun ƙara mata abin da ba ta taɓa samu ba a ƙuruciyarta. Na ja mata sababbin wayoyi tun daga gaba har baya. Na sa mata fitilun zamani masu farin haske, da wurin cajin waya, da rediyo mai cin memori don Baba ya riƙa jin karatu a hanya. Ranar da muka yi mata fenti, Baba ya ce, “Wane irin shuɗi ne?” Na ce, “Irin na rigarka ta Sallah.” Ya ɗora tafinsa a kan bonet tun bai gama bushewa ba. Shatin yatsunsa biyar ya zauna, ban kuma shafe ba.

Tuƙi ma a cikinta na koya tana kan duwatsu. Baba ya zauna a gefena yana yin kukan inji da bakinsa. Idan na saki kuloci da gaggawa sai ya zabura gaba ya yi shiru, ya ce, “Kin kashe ta. Sake tayarwa.”

Ta tashi ranar wata Laraba a ƙarshen bazara. Kirr, kirr, kirr. Tuf, tuf. Sai ta kama. Inna ta rangaɗa guɗa daga madafa. Baba ya ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago sai ya ce, “Ita ce. Muryarta ce.” Ya miƙo mini makulli, ya ce daga yau tawa ce.

Yanzu zan faɗi sanadin ajalinta, kuma zan faɗe shi yadda yake.

Wanda bai san ƙauyenmu ba, mu gona har bakin katanga take zuwa. Ƙofar ɗakin Shuɗiya tana kallon gonar maƙwabcinmu Malam Mati ne. Da rani fili ne fetal, ta nan ta shiga, ta nan kaɗai za ta fita. Da damina kuwa babu abin da ke rage sai 'yar hanyar ƙafa da babur ke bi da ƙyar. Kuma a wurinmu ba a taka shukar mutum, ko da Sarkin Noma ne kai.

Kwana huɗu ina zagaya filin da ita bayan sallar asuba, kafin mutane su fito. Da ranar kasuwar Makoda ta zo, Baba ya sa babbar riga tun da sassafe. Ni kuma da na tuna za mu wuce ta gindin kanya inda maza ke zama, kowa ya zuba mini ido, sai tsoro ya kama ni. Na ce, “Baba, a bari sai kasuwa mai zuwa, hannuna bai gama faɗawa ba.” Ya ce, “Allah ya kai mu.” Ya cire rigar ya ninke da kansa.

Kwana uku bayan nan ruwan shuka ya sauka. Da gari ya waye kowa ya fita da sungumi. Baba ya ce, “Maza je ki ce wa Mati ya bar mana layi biyar ta gefen katanga.” Na je. Na same shi da mutanensa suna sara. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na yi masa barka da ruwa. Ya ce, “Lafiya dai, 'yar Dogo?” Na ce, “Lafiya lau, Baba Mati.” Na yi masa sallama ban faɗi saƙon ba. Na tsaya a bayan katanga har suka shuka gefenmu, sannan na koma na ce wa Baba na tarar an riga an shuka. Ya ce, “To, shike nan. Mu jira kaka.”

Haka Shuɗiya ta zauna a ɗaki da lafiyarta, gero yana tsawo a bakin ƙofarta. Kullum da safe nakan tayar da ita, Baba ya zauna a kujerar gaba, mu ji karatu, mu kashe. Na ga wata tsaga a bangon gabas, na liƙe da laka, na ce za ta kai kaka.

Ba ta kai ba. A kwana na uku na marka, muna rumfa ina tsince wa Inna wake, sai muka ji ƙasa ta girgiza. Bango ya zauna, soron ya biyo shi. Azara ta danne hon ɗinta, ta yi ta kuka, faaaam, ba tsayawa, daga ƙarƙashin ƙasa. Na yi ta tono da hannu cikin ruwa. Kukan ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Baba yana tsaye a tsakar gida ba takalmi, ruwa na dukansa, ya ce, “Bari, Tahira. Ta tafi.”

Baba Ja'afaru ya zo washegari ya duba ta. Rufinta ya haɗe da kujera, injin ya tsage, ƙashin bayanta ya lanƙwashe. Ya cire hularsa ya goge fuska, ya ce, “Dogo, wannan ta fi ƙarfin walda.” Taya huɗu ne kawai suka tsira, da batir, da sitiyari, da gefen bonet mai shatin yatsun Baba.

Malam Mati ya zo jaje da yamma. Ya dubi kangon, ya dubi geronsa, ya ce, “Haba Dogo! Ai da kun yi magana, wallahi layi goma zan bar muku. Yarinyar nan ma ta zo ta gaishe ni ranar shuka, ba ta ce komai ba.” Ina bayan zana ina ji. Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, ko da yake ba ya gani. Sannan ya ce, “Ni ya kamata in zo da kaina, Mati. Ƙaddara ce.” Har yau bai sake tayar da maganar ba, ni kuma da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta, Malam Habibullah Dogo, wanda har yanzu idan ya idar da sallar asuba yake karkata kunne wajen bayan gida. Ta bar Inna Tani, wadda ta daina mita, ta kuma wanke rigar kujerar ta adana a akwati. Ta bar likitanta Baba Ja'afaru. Ta bar sufana goma sha ɗaya, da jak, da sabon batir da bai yi wata huɗu ba, da wata kaza da ke ta zagaya kangon tana neman wurin ƙwai. Ta bar ni, da makulli a bakin zanena.

Game da jana'iza, Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma mun bi. Amma za a raka ta. Gawar tana nan a lulluɓe da tamfol, domin ko a mace ba za ta taka shukar mutum ba. Za a fitar da ita ranar kasuwar Makoda ta farko bayan Malam Mati ya girbe geronsa, a kai ta wurin Baba Ja'afaru a Makoda, inda duk mai irinta zai iya zuwa ya cire abin da zai amfani tasa. Bonet ne kawai zai dawo gida.

Wannan karon da kaina na je wurin Malam Mati. Na gaishe shi, ban tsaya tambayar iyali ba, na ce ina roƙon aron shanun huɗarsa guda biyu su ja ta. Ya ce har da shi za a je. Baba Ja'afaru zai yanke rufin da ya lotse, ya miƙar da kujera, ya gyara ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja yadda za ta buɗu.

Za a tashi da hantsi daga bayan gidanmu, a bi ta gindin kanya. Baba zai sa rigarsa ta Sallah ya zauna a gaba. Ni zan riƙe sitiyari, babu rufi, babu gilashi, duk mai son kallo ya kalla. Ana roƙon masu rakiya kada kowa ya kama hannun Baba idan mun isa, shi zai buɗe ƙofarsa ya sauka. Ana kuma roƙon a yi shiru a hanya, domin ya ce shi zai yi mata kukan inji da bakinsa har Makoda.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kai Baba kaka da rai da lafiya.

Sanarwa daga Tahira Habibullah, a madadin iyalan gidan Dogo Direba, Kanyar Tudu.