Shekarar Cin Birnin Gara

A wani daji mai nisa, can a zamanin da, tun ayarin raƙuma bai daɗe da sanin hanyar gishiri ba, dabbobi suna da wata al'ada. Ba sa ƙidayar shekaru, suna suke raɗa musu. Idan kaka ta wuce sai a taru a gindin wata tsohuwar kuka, a zaɓi abu mafi girma da ya faru, a kira shekarar da shi. Sunan kuwa ba ado ba ne kawai, shi ke nuna inda za a kai gayyar rani. Shekarar Gobara an yi gayyar yanke ciyawa, Shekarar Ƙaya an share hanyoyi.

A shekarar da muke magana, wata kififfiya, wato kunkurun ruwa, mai suna Tabawa ta kamo hanyar taron da suna a bakinta. Tafkin da take zaune, wanda dajin duka ke sha, laka ta cike shi har ruwan bai wuce gwiwar barewa ba. Tana da 'ya'ya sabbin ƙyanƙyasa, ko girman ƙwallon goruba ba su kai ba. Idan tafkin ya ƙafe kafin damina, ba su da ƙafar zuwa kogi. Abin da take so shi ne a ce Shekarar Cikewar Tafki, a kai gayya a yashe shi. Ba ta da shakka, domin kowa ya sha ruwan nan ya ji taɓo a haƙorinsa.

Kafin raɗin suna akan ba baƙo dama ya faɗi labarin duniya. Baƙuwar bana Tsattsewa ce, wadda ta ƙetaro teku da rairayi. Ta sauka a reshe ta gai da Zaki, ta ce:

"Ranka ya daɗe, duniyar 'yan Adam bana ba ta zauna ba. A wata ƙasa ta arewa sarki ya mutu ya bar 'ya'ya uku. Kafin a tashi zaman makoki sun raba ƙasar, yanzu kuma kowannensu yana yaƙi don ya haɗe ta. A gabas an kewaye wani birni har mutanen ciki suka dafa fatar garkuwoyinsu. Wani sarkin yaƙi ya je ya ciwo wa ubangidansa gari, ya dawo ya ci ubangidan. Sarakuna biyu kuma sun yi sulhu, sun rantse da duk abin da suke rantsuwa da shi. Ina tahowa na wuce dawakinsu suna komawa fagen fama."

Zaki ya kaɗa wutsiya. Can ya ce, "Duk inda kika bi, an ambace mu?"

"A'a, ranka ya daɗe. Na dai ga surar zaki a jikin wata tuta, amma da na matsa kusa, ba kai ba ne."

Tabawa ta ga dama ta samu, sai ta miƙa wuya.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ban je ko'ina ba, amma na san abin da ya faru a nan. Tafki ya cike. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ba a yashe shi yanzu ba, a tsakiyar rani kowa zai lashi ƙasa, 'ya'yana kuma su ne na farko. Ina roƙo a kira bana Shekarar Cikewar Tafki."

Dila, wanda shi ne Waziri, ya yi murmushi irin na masu hana abu cikin ladabi.

"Iya Tabawa, maganarki dutse. Amma ki duba. Tsattsewa za ta koma, a tambaye ta me ya faru a dajin Zaki a shekarar da birane suka faɗi, ta ce taɓo ya yi yawa? Sarki ba ya shiga bakin duniya da taɓo a ƙafa."

Kura Sarkin Yaƙi ta miƙe. "Gaskiyar Waziri! Mu me muka rasa? Haƙori ne babu ko farce? A ba ni wanda zan ci!"

Nan aka shiga neman abokin gaba, kuma aikin bai zo da sauƙi ba. Giwaye sun yi girma. 'Yan Adam suna da kibiya. Kadoji kuwa a ruwa suke, Sarkin Yaƙi ta ce mura take yi. Daga ƙarshe Dila ya tuna da wani dogon suri a bakin fako, mai tsororuwa kamar soro.

"Ga birni a ƙofarmu," in ji shi, "gara ba ta taɓa zuwa gaisuwa ba. Wannan in ba tawaye ba ne, mene ne?"

Aka ɗage raɗin suna sai an dawo daga yaƙi.

Tabawa ta koma gida a hankali, kamar yadda ta zo. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta tarar ruwa ya ƙara ja da baya, ta tattara 'ya'yanta zuwa tsakiya inda ya fi zurfi. Tana nan tana jiyo gangar yaƙi daga fako, tana tunani. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji masu magana, sai ka mai da shi wasa. Ta lura da abu ɗaya: ba tafkin suka ƙi ba, sunan ne ya yi musu ƙanƙanta.

Rundunar ta kewaye surin, aka aika gara ta miƙa wuya. Gara ba ta amsa ba, domin ba ta san ana yi ba. Da haƙuri ya ƙare, Ɓauna ta sa ƙaho ta ture tsororuwar. Kura ta cusa hanci don ta kamo sarkin birnin, wani zago, babban cikin gara, ya datse mata leɓe, ta dawo da gudu tana cewa an yi ƙazamin artabu. Aka koma gindin kuka da kiɗa, aka raɗa wa bana Shekarar Cin Birnin Gara.

Sai kuma aka zo inda gizo ke saƙa. Al'ada ta ce gayya tana bin suna, to ina ake kai gayyar nasara? Kura, da leɓe kumbure, ta ce a sake wani yaƙin. Dila ya ce a yi gayyar kirari, kowa ya zo da baiti. Zaki bai gamsu da ko ɗaya ba.

Tabawa ta sake miƙa wuya, amma wannan karon Tsattsewa ta fuskanta.

"'Yar'uwa, ke da kika ga duniya, sarakunan can in sun ci gari me suke yi?"

"Ganuwa suke ginawa, Iya, don kada a zo a yi musu abin da suka yi wa wani."

Tabawa ta juya ga Zaki. "Allah ya ja zamaninka, mai cin birane. In kana da kyau ka ƙara da wanka. Yau ka shiga sahun sarakunan duniya, ga shi kana kwana a fili kamar kowa. Wa ya san abin da gara ke shiryawa a ƙarƙashin ƙasa? Ganuwa ta kamace ka, doguwa mai kauri, wadda tsuntsu zai hango daga sama ya kai labari. Sai dai ƙasar tudu ba ta gini, sai laka mai danƙo. Ina da ita a ƙofar gidana, tuli, kuma ta can ƙasa ta fi kyau. Na ba Sarki duka, gudummawar talaka."

Dila ya dube ta, ta dube shi. Ya gane sarai, amma shi ma a tafkin nan yake sha.

"Iya Tabawa," ya ce, "ba ke ce mai maganar taɓo kwanan baya ba?"

"Ni ce, Waziri. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

Dila ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, dama abin da nake shirin faɗa ke nan, tsohuwa ta riga ni."

Ba a taɓa gayya irin ta wannan rani ba. Gyado ya yi haƙa, Ɓauna ta yi kwaɓi, birai suka yi jigila. Har giwaye, da aka ce musu aikin tarihi ne, suka zo. Tabawa ta kwashe 'ya'yanta zuwa wani lungu mai sauran ruwa, tana zaune a bakinsa tana nuna inda laka ta fi danƙo. Duk sanda aka ce ya isa, sai ta ɗaga kai ta dubi ginin ta ce, "Anya ta birnin gabas ba ta fi wannan tsawo ba?" Sai Zaki ya yi gurnani, a koma rami.

Ana cikin haƙa aka tarar da idon ruwa da laka ta daɗe da toshewa. Tafkin ya ciko tun hadari bai haɗu ba, 'ya'yan Tabawa suka bazu a ciki, babu wanda ya rasu. Maroƙa suka ƙara wa Zaki kirari, suka ce ko ruwa tsoronsa yake ji, shi ya sa ya fito gaisuwa. Tabawa ta ji, ta ce haka ne, ta nutse abinta.

Ganuwar kuwa tana nan tsaye. Tun da aka gina ta gara ba ta taɓa kawo hari ba, saboda haka kowa ya shaida tana aiki.