Mafitar da Na Kai wa 'Yan Atamfa

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa 'yan atamfar Adjamé mafita ba.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a unguwar Treichville, ni ke gabatar da shirin Hausa na minti goma sha biyar. Shekarun nan ne da gari ya ɗau zafi, maƙwabci na hararar maƙwabci. Ni kuwa ba abin da nake kawowa sai faɗa da gobara da sata. Rannan shef ɗinmu, wato shugaban tashar, ya kira ni ofis, ya ce mutane sun gaji da baƙin labari, ba mai bugo waya. Ya ba ni mako biyu, in abin bai canza ba kiɗa zai maye gurbina. Ga shi kuwa a shirin nan kaɗai ake jin Hausa a tashar.

Sai ya tura ni wani horo kan aikin jarida mai neman mafita. Malamar ta yi bayani mai tsawo, amma ni kalmar "mafita" kawai na riƙe (gaskiya rabin hankalina na kan sanwicin da ake jerawa a bayan ɗaki). Na fito da fahimtar cewa ɗan jarida ne zai zauna ya ƙirƙiro mafita ya kai wa jama'a.

Nan take na tuna wani lungun 'yan atamfa a bayan ofishin magajin garin Adjamé. Shekara biyu kafin nan na ɗauko rahoton dambe a wurin, saboda lungun mota ɗaya yake ɗauka, kuma kowa na son tasa ta fara sauke kaya. Tun daga ranar ban sake leƙawa ba. Na zauna na tsara musu jadawali a takarda har da ja da shuɗin biro: wane Litinin, wane Talata. Wallahi har tausayinsu nake ji da ba su da irin kaina.

Na tsallaka gada a bas ina bitar jawabina. Da isata na nemi Alhaji Sule, abokin mahaifina, wanda shi ne babba a lungun. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙi ya tara min mutane. Suka taru kuwa, Hausawa da Julawa da matan Bawule, sun bar shagunansu. Na kunna rakoda, na jingina da bango, na shiga zuba, Hausa rabi Faransanci rabi. Ina magana ina juyi, ina nuna gabas da yamma, kamar mai neman ƙuri'a.

Na ga wata mai shago, Madam Aya, tana ta ɗago min hannu. Na ce ta yi haƙuri, tambayoyi sai a ƙarshe.

Da na gama, Alhaji ya gyara hula ya ce, "Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, shawara ta yi kyau. Amma ɗan matsa daga jikin allon nan."

Na waiga. Ashe baƙin allo ne a bangon, an rubuta sunayen shaguna da ranaku da alli. Jadawali ne, ya ma fi nawa tsari, don har da sa'o'i. Tun bayan damben nan suka kafa shi. Ni kuma na goge Laraba da Alhamis da rabin Juma'a da bayana. Baƙar abayata ta yi fari fat.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, ku yafe ni."

Ba wanda ya zage ni. Madam Aya ta kakkaɓe min baya tana dariya, ta ɗauko alli. Sai aka fara tunowa da baki: wannan ya ce Laraba da safe ta Bakari ce, wancan ya ce a'a, ya ba Alhaji saboda kayansa sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Ana yi da Julanci, ana amsawa da Hausa, ana tsokanar juna. Kafin la'asar allo ya koma yadda yake. Kunya ta sa na manta ban kashe rakoda ba, duk ta naɗe.

Abin da na sa a shirin ke nan, har da muryar Alhaji yana cewa in matsa (shef ya hana a yanke wurin, mugu). Ranar waya ba ta huta ba. Masu kayan miya da masu takalma daga wasu kasuwanni suka riƙa tambayar yadda ake raba ranakun, da abin da ake yi wa wanda ya saɓa. Na koma lungun sau uku ina tambaya, har da inda tsarin ke ba su wahala. Shirin Hausa ya tsira.

Tun daga nan, duk inda na je ɗaukar rahoto, tambayata ta farko ita ce, "Ku ya kuke yi da abin?" Sannan in rufe bakina in saurara. Kuma ko ƙafata za ta karye, ba na jingina da bangon mutane sai na duba abin da ke rubuce a jiki.