Garwa ta Biyu a Ƙofar Gwaggo Dije

Shekara da shekaru ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Sau uku na fara rubuta wannan labari ina yagewa (ban jefa takardun a shara ba, ƙona su na yi, saboda akwai Bismillah a samansu). Amma abin ya ƙi sakina. Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na fita neman lada, na dawo da abin da har yau yake ci mini rai ba.

A unguwar Al-Sih ta Madina muke zaune lokacin, farkon shekarun tamanin, ina aikin ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi. Gidajen layinmu shida ne a jere, bango ɗaya ya haɗa kowa da maƙwabcinsa. Babu tsakar gida, babu ƙofar baya. Garwar shara a ƙarƙashin matakala take kwana, da safe a fito da ita. Motar baladiya, wato hukumar gari, kuwa ba ta shiga lungunmu. A bakin titi take tsayawa, ta yi ƙaho sau biyu ta wuce. Wanda bai kai tasa ba, ya koma ya zauna da warinsa.

Ni kuma Allah ya yi ni da wasiwasi. Har riga ta musamman gare ni ta ɗaukar shara, don kada najasa ta taɓa ta salla. In na ga garwar wani a ƙofa an manta da ita, sai gabana ya faɗi: kyanwa za ta kifar, ma'aikacin baladiya zai gani, zai ce Takari ƙazamai ne, daga nan a ce kowa ya fito da iƙamarsa, takardar izinin zama. (Tawa lafiyarta ƙalau, ni ne dai ban taɓa yarda da ita ba.) Da haka na fara kwashe garwar kowa ina kaiwa titi, ba wanda ya roƙe ni.

Matata ta ce, "Malam, wa ya naɗa ka sarkin shara?"

Na ce mata lada ce, kuma ladar Madina ba irin ta ko'ina ba ce.

Gidan da ke jikin namu na Gwaggo Dije ne, tsohuwar da ta shigo ƙasar ta hanyar Sudan tun tana yarinya. Da daddawa take riƙe kanta. Matan ɗaliban jami'a duk wurinta suke zuwa, miyar gidana ma da tata ake yi. To, Madina ba ta da ɗorawa. Kalwa sai lokacin aikin hajji take zuwa, a hannun alhazai, kuma a shekarar ɗan buhu ɗaya tak ya iso mata. Duk wannan na sani. Ku riƙe, na sani.

Ran nan na fito da sassafe, sai ga garwa biyu a ƙofarta maimakon ɗaya. Ta biyun an rufe ta da tsumman buhu, an ɗora murfi, an danne da dutse. Warin da ke fita, wa'iyazubillahi. Na ja gutura, ƙyallen da ke kaina, na naɗe hanci da baki, ina salati, ina cewa a raina tsufa ya fara cin Gwaggo. Na ɗaga na ji nauyi, har da ɗumi. Mai hankali da nan ya tsaya. Ni sai na ji ƙahon mota, na kwasa da gudu, na kawar da kai gefe, na juye. Ko kallo ban yi ba, don kada in ga abin da zai hana ni cin abinci.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na kai garwar famfo, na wanke ta da sabulu har sau uku, na dawo na buga ƙofa. Mata sun fara leƙowa daga gidajensu, ni kuwa har daɗi nake ji ana gani.

"Gwaggo, ina kwana? Ga garwarki na wanke. Amma don Allah a riƙa kula. Muna maƙwabtaka da Manzon Allah, bai dace shara ta kai haka ba a fitar ba."

Ta karɓa, ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallon gindin garwar.

"Ina abin da ke ciki?"

"Ai yana motar baladiya, Gwaggo."

"Ɗan nan, a ina aka haife ka?"

"Gumel."

"To, a Gumel da turare uwarka take miya?"

Sai a lokacin na sauke gutura daga hancina. Warin yana nan a hannun rigata, kuma na gane shi. Warin da na tashi a cikinsa ne. Kalwa ce ta kwana uku a rufe, ta nuka, ranar ake shirin daka ta.

Ashe a saman soro take rufe ta kullum, shi ya sa ban taɓa gani ba. A ranar kuwa, ɗanta Abdurrahman, haifaffen Madina, mai jin Hausa ya amsa da Larabci, ya gayyato abokan aikinsa cin abinci, ya ce a fitar da abin nan kafin su iso. Yana jin hayaniya ya fito, ya ji labari, ya fashe da dariya.

"Halas, ya ummi," in ji shi, wato shi ke nan Inna, ya ƙara da Larabci wai na hutar da su. Har kafaɗata ya dafa.

Wannan dafawar ta fi mari. Gwaggo ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Zama ta yi a dokin ƙofa, garwar a cinyarta, ta ce, "Kwana biyu ina hura wuta. Duka na dafa, ko tafin hannu ban rage ba." Wata daga cikin matan ta ce, "Sannu, Malam Tsafta." Sunan ya bi ni har filin jirgi.

Shekarar nan layinmu lami aka sha miya. Matata takan turo mini kwano ta ce, "Sha, ba wari." Gwaggo kuwa, matan ɗalibai suka daina zuwa ƙofarta. Matar da ba ta taɓa miƙa wa ɗanta hannu ba ta koma jiran abin da zai ba ta.

Na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Na jira ta ce ta yafe. Ba ta ce ba, ta shige ciki.

Da hajji ya zagayo, duk alhajin da na ɗaukar wa jaka sai na tambaye shi ko ya zo da kalwa. Wasu suka yi dariya, wani ya zaci maula nake. Da ƙyar na haɗa mudu biyu. Kafin nan Abdurrahman ya kwashe ta sun koma unguwar Ƙurban, wani bene da ba a hura itace. Na yi ta zagaya unguwar da ƙullin a hannu, ban sami gidan ba. Daga baya aikina ya ƙare, na dawo gida.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma tsada ya yi, kuma ba ni na biya ba: kafin ka ɗauke wa mutum kaya, buɗe hancinka, ɗaga murfi, ka tambaya.

Na san da wuya a ce tana raye. Amma idan a cikinku akwai wanda ya zauna a Al-Sih ko Ƙurban a shekarun nan, ya san Gwaggo Dije mai daddawa, ko jikokinta, don Allah ya sanar da ni. Ba komai nake nema ba. So nake in ji ko ta sake dafa kalwa bayan ranar, kuma ko akwai wanda ya taɓa jin ta ce ta yafe mini.